Ruwan da Aka Watsa wa Malam Dragisha

Ranar Asabar da safe Malam Dragisha ya shiga ɗakin jarrabawa a garin Pirot, safarsa sharkaf. Da zai fito daga gida an watsa ruwa a bayansa, kamar yadda ake yi wa mai zuwa jarrabawa don komai ya tafi sumul, sai dai mai watsawar ta cika hannu.

Shekara da shekaru yana koyar da kwamfuta da alli a kan allo. Kowane aji ya shiga huɗubarsa ɗaya ce: ku koyi rubuta manhaja, nan abincin gobe yake. Yara da yawa sun ji, sun yi nisa. Shi kuwa bai taɓa rubuta wadda ta yi aiki ba. Bana aka ce duk malamin da ya faɗi wannan gwaji na rubuta manhaja za a karɓe ajinsa.

Mai sa ido matashiya ce, Malama Ilich, daga wani kamfani a birnin Nish, ɗaya daga cikin yaran da suka ji huɗubar. Ba ta dubi inda yake ba. Da ta zo wucewa ne kawai ta ajiye masa tabaraun da ya manta.

"Tsoho, ɗalibarka ce fa," Milutin malamin lissafi ya raɗa masa. "Ka ɗan marairaice mana."

Dragisha ya rubuta, kwamfuta ta maido masa da jan rubutu, alamar kuskure. Ya goge, ya sake, ja dai. Can ya ɗaga hannu.

"Malama, abin ya ƙi."

"Ba a taimako, Malam. Karanta abin da ta ce maka."

Maganarsa ce. Da ita yake sallamar yara duk sanda suka yi tambayar da bai san amsarta ba.

Lokaci ya cika, sakamako ya fito a fuskar kowace kwamfuta. Milutin ya leƙo ta Dragisha, ya ga ya faɗi, ya fita. Ɗaki ya watse, Dragisha na zaune ya ƙura wa takalminsa ido.

Malama Ilich ta kashe na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ta zo ta tsaya a kansa. Ƙafar wandonta ma ba ta gama bushewa ba.

"Akwai zagaye na biyu watan gobe," ta ce. "Tashi mu tafi gida, Baba. Wannan karon Mama ce za ta watsa ruwan, ni hannuna ba shi da sa'a."