Gonar da Ta Riga Ta Karɓa

Malami ya tofar da yawu a ƙofar gidan Mu'az, ya wuce ba sallama. Damina uku ke nan yana haka.

Mu'az shi ne sakataren ƙungiyar manoman Ceberu, shi ke kai sunaye Gwandu duk shekara don takin tallafi. Kowa yakan samu, ko da buhu ɗaya ne, ban da Malami. In ya tambaya, sai Mu'az ya sunkuyar da kai ya ce wai gonar ta riga ta karɓa. To wa ya karɓa? Sai ya kau da zancen. Ga kuma sabon babur a zauren Mu'az. Biri fa ya yi kama da mutum.

Gonar ta gado ce, amma ƙasar ta gaji, gero iya gwiwa yake tsayawa. Ba don ƙanensa Ashiru mai shago a Kalgo ba, da tuni yunwa ta shigo gidan. Duk damina sai ya aiko masa da buhu biyu na hatsi, kyauta. Yaro ne mai zumunci. Bara har baƙo ya kawo daga Birnin Kebbi, wai ya ga gonar kakanni. Suka yi ta Turancinsu, aka ɗauki hoto, baƙon ya damƙa wa Malami kuɗin goro ya ce sannu da aiki.

Bana Ashiru ya kawo shawara: in abin ya gagara, Yaya ya jinginar masa da gonar, kada ta fita daga dangi. Maganar ta ƙona wa Malami rai, don gaskiya ce. In bai samu taki bana ba, gonar ta tafi.

Sai ya juye fushin kan Mu'az. Ya kira shi ɓarawo a harabar masallaci, gaban 'ya'yansa. Ya hana matarsa Azumi zuwa bikin suna a gidan Mu'az. Ya bi gida gida yana zuga manoma cewa ranar rabo sai an faɗi sunan duk wanda ya ci, a bainar jama'a. Ashiru ya bugo waya yana ba shi haƙuri, ya ce ya bar wa Allah, tonon silili ba na manya ba ne. Malami ya katse wayar.

Ranar rabo ya sauka a rumbun taki na Kalgo da gora a hannu. Mu'az ya sha gabansa a bakin ƙofa.

"Don girman Allah ka koma gida, Malami. Abin da za ka ji ciki ba shi yi maka daɗi."

Malami ya hankaɗe shi har hularsa ta faɗi, ya kutsa cikin layi. Ya daki teburin jami'in rabo da gora, ya ce yau sai an gaya masa wa ke cin takin gonar gabas da rijiya a Ceberu.

Jami'in ya ɗago. Baƙon bara ne. Ya dube shi, sai fuskarsa ta washe.

"Af, ba kai ne ɗan ƙodagon Alhaji Ashiru ba? Koma ka hwaɗa ma maigidanka, buhu arba'in ɗin gonarshi na nan, kamar kullum."