Ranar da Motar Baba Ta Ƙi Tashi

Baba ya sake murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi shiru.

"Haba 'yar Japan, kada ki kunyata ni yau!" Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya dubi 'yarsa da ke tsaye jikin taga. "Kamfanin da ya ƙera motar nan da injin saƙa ya fara, shi ya sa ba sa wasa da aiki. Tun kina goye nake tuƙa ta, ba ta taɓa yar da ni a hanya ba."

"Na sani, Baba. Fito ka huta."

"In huta? Mamanki na ƙofar asibiti tana jirana cikin rana! Tura mini, don Allah."

Ta zagaya baya, ta sa kafaɗa tana turawa, hawaye na zuba. Baba ya kifa kai a sitiyari yana roƙon motar.

Mama ta rasu tun bara, kullum sai ya manta. Likita ya hana shi hawa titi. Fiyus ɗin da 'yar ta zare daga motar da safe don kada ta tashi yana dunƙule a hannunta, har ya yanke mata tafi.