Mazubin Biro

"Hajiya, sa hannunki kawai ya rage," in ji ɗan kwangilar, yana tura mata takardar sabbin hulunan kwano na sojoji. "Wallahi harsashi ganinsu yake ya koma gida."

Shugabar sashen duba kaya ta murmusa. Shekara uku ke nan tana jiran wannan rana.

"To Alhaji, miƙo min biro."

Ya kai hannu mazubin biron da ke kan teburinta, sai ya daskare. Hular kwano ce aka juya bakinta sama, da huda a goshi, ga tambarin kamfaninsa raɗau a gefe.

"Ta ƙanena ce," ta ce, tana mayar masa da takardarsa. "Harsashin bai koma gida ba. Shi ma bai koma ba."