Hannun da Ba a Saki Ba

"An goge bidiyon kyamarar shagonka," in ji mai binciken, tana juyo masa da kwamfutar. "Amma tsintsiya ko ta share sawu, Baba, tana barin nata."

Tsoho ya gyara zama yana dariya. Shi da ya fito daga gobarar shagon katakonsa da ƙafarsa, bayan ambaliya da haɗarin mota sun gwada shi sun haƙura, wa zai yi masa wayo? Boko bai yi ba, amma tun daga taku yake gane mugu.

"Ke dai kamo min wanda ya cinna wutar, 'yata. Ni kam na haifi ɗa. Tunda aka kwantar da ni asibiti yaron nan bai saki hannuna ba."

"Wanne hannun?"

Ya ɗaga na dama, wanda wuta ba ta lasa ba.

Ta sunkuyar da kai. "Daga wayarka aka yi gogewar, kana gadon asibiti. Kuma ba ta buɗuwa sai da babban yatsanka."

Tsoho ya daɗe yana kallon yatsan. Har yanzu yana jin ɗumin tafin ɗansa a jikinsa.