Tafiyar Gana a Ƙofar Gida

An yi wani malamin gona da ya yi ritaya, yana da babur wanda ya shekara ashirin da biyu yana hawa. Wata rana saƙo ya iso masa daga yayarsa, wadda aure ya kai arewacin Gana tun yana saurayi. Idanunta suna rufewa, likita ya ce ganin da ya tafi ba zai dawo ba, ita kuma tana so ta ga fuskar ƙaninta kafin sauran ya ƙare. Ƙauyen nata yana nesa da titin mota, shi kuwa babu abin hawan da ya yarda da shi kamar babur ɗinsa, don haka ya ƙudura a kansa zai je. Ya sabunta fasfo, ya karɓi katin rigakafi, ya shimfiɗa taswira a tabarma ya raba hanyar kwana biyar, ta Binin da Togo, ya rubuta garin da zai sauka kowace rana. Da labari ya bazu, sai dangi suka fara sallama. Gwaggo ta kawo daddawa da kuka, matar wansa ta kawo rabin buhun gero don Yaya ta sha furar gida, wani ya kawo man shanu a galan, wata ta zo da atamfa turmi uku da tukunyar ƙarfe. Mutum ba ya buɗe baki ya ce wa dangi saƙonsu ya yi nauyi. Ya karɓe duka, ya yi godiya.

Saura kwana biyu ya tashi, ya kai babur wurin tsohon makaniken da ya saba duba masa, don a canza baƙin mai da fulogi. Tsohon ya kasa kunne ya saurari injin, ya ce lafiyarsa ƙalau, sannan ya tambayi abin da za a ɗora. Da ya ji, sai ya goge hannu da tsumma ya ce bai yarda da tafiyar nan ba sai malam ya fara yin ta a gida. Ya ɗaure kayan duka yadda zai ɗaure su ranar tafiya, kullum ya yi nisan da ya rubuta wa wannan yini, rabi zuwa rabi dawowa, ya kwana a ɗakinsa, har kwana biyar. Malamin ya ji haushi, ya ce duk ranar da ta faɗi da ganin yayarsa take faɗuwa.

"Na sani, Malam," in ji tsohon. "Amma so take ta gan ka, ba ta ji labarinka ba."

Ya yarda ne don kunyar furfurar mutumin, ba don ya gamsu ba. Kullum da safe ya fita da kaya kamar raƙumin fatake, da la'asar ya dawo, 'yan majalisar ƙofar gida suna miƙewa suna yi masa sannu da zuwa, suna tambayarsa yaya ya baro mutanen Gana. Matarsa ma takan leƙo ta tambaya ko a kawo wa baƙo ruwa. Kwana uku babu abin da ya faru, har ya fara gaya wa zuciyarsa gobe in ya fita ba zai juyo ba. Da gari ya waye dai ya ƙara daurewa. A rana ta huɗun nan, yana dawowa bayan azahar ta wata hanyar ɓurji, sai ya ji bayan babur yana rawa. Ya rage gudu. Wayoyin da ke riƙe da tayar baya suka riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, tayar ta lanƙwashe, babur ya kwantar da shi cikin yashi a gefen wata gona, yana hango tankin ruwan garinsu. Wani manomi ya tafi ɗauko amalanke. Kafin ya dawo, malamin ya zauna a kan buhun gero ya buɗe taswira. Rana ta huɗu ita ce ta dogon dajin da shi kansa ya rubuta a gefensa da jan biro, babu gari, babu mai. Ya daɗe yana kallon rubutun nan, babu abin da ke fita bakinsa sai hamdala.

Aka kai babur wurin tsohon makaniken. Ya kwana biyu yana saƙa tayar da wayoyi masu kauri, ya sa malamin ya zauna kusa yana ɗaure wasu da hannunsa. Saƙon dangi kuma aka haɗa shi da wani direban babbar mota da ke kai albasa Gana, babu wanda aka mayar wa kayansa. Malamin ya tashi mako guda bayan ranar da ya sa, da jakarsa da kayan gyara kawai, ya kuma isa a rana ta biyar. Yayar ta ja shi tsakar gida inda rana take, ta riƙe kansa da hannu biyu ta matso da fuskarsa kusa da tata, ta daɗe tana dubawa.

"Ashe kai ma ka tsufa, ɗan nan," in ji ta.

Daga nan inda yake tsaye ya kira tsohon makanike a waya, ya fara jero masa godiya. Tsohon ya katse shi, ya ce ya bar wannan, ya gaya masa yadda tayar take. Gaskiyar Hausawa da suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.