Gemun Da Bai Taɓa Kunu Ba

Ke da kika zo jiya-jiya da digirinki kina tambayata wace ce ta fi a cikin masu jinya, ja kujera ki zauna.

An taɓa kwantar da wani tsohon manomi mai ciwon suga a asibiti. Ɗansa, mutum mai baki kamar reza, ya kafe cewa ba wadda za ta taɓa mahaifinsa sai mai digiri. Aka bar shi da bakinsa, aiki ya ci gaba yadda aka saba. Mata uku ne ke kula da tsohon. Ƙaramarsu kwas na 'yan watanni ta yi, aikinta gyaran gado da goge jiki da miƙa abinci. Ta tsakiya ta yi shekara uku a makarantar jinya, ita ke allura da awo. Babbar ta yi jami'a, ita ke duba fayil, ita da likita ke tsara yadda jinyar za ta tafi.

Wata Litinin da safe aka yi wa tsoho allurarsa ta suga, aka ajiye masa kunu. Da ƙaramar ta dawo ɗaukar kofi ta tarar ba komai a ciki, amma gemun tsoho a bushe yake ƙayau, alhali kullum sai ta goge masa kunu a gemun nan. Na gadon kusa kuwa yana ta lasar leɓe. Da hantsi ta zo sauya zanen gado ta ji shi sharkaf da gumi, hannun tsoho na makyarkyata. Ya jawo ta kusa ya raɗa mata cewa azumin Litinin yake, shekara arba'in bai taɓa sha ba, ta rufa masa asiri. Tausayinsa ya kama ta. Ba ta san abin da allurar nan ke yi a cikin da ba abinci ba, amma ta san abin ya wuce saninta, kuma wallahi har yau ina jinjina mata a kan wannan. Ba ta tsaya gwada dabara ba, ta ruga wajen ta tsakiya. Ita kuma ta soki ɗan yatsansa ta auna, ta ga suga ya faɗi warwas, kaɗan ya rage ya suma. Ta dama ruwan sukari, tsoho ya datse haƙora ya kau da kai. Nan nata ya ƙare, ta kira babbar. Babbar ta sa a haɗa ƙarin ruwa ko da zai suma, sannan ta durƙusa a gefen gado ta warware masa yadda allurar ke cinye sugan jiki in ba a ci komai ba, da Hausar da manomi zai gane. Ta ce, "Baba, wanda kake yi dominSa Shi ya ɗauke wa marar lafiya." Hawaye ya gangaro wa tsoho, ya karɓi kofin. Ta kira likita aka gyara tsarin maganin, ta rubuta a fayil cewa duk Litinin da Alhamis a tambaye shi kafin allura.

Da yamma ɗan ya iso da turmin atamfa, yana cigiyar mai digirin da ta ceci mahaifinsa. Ta ƙi karɓa. Ta ce fayil ɗinta cewa ya yi tsoho ya karya kumallo. Gemunsa ne ya faɗi gaskiya, kuma ba ita ta karanta gemun ba. Ta nuna masa ƙaramar, tana can tana ninke zannuwa. Mutumin nan mai baki ya tsaya da atamfa ɗaya a hannu, ya rasa wa zai miƙa wa.

To ke ma cire mini ɗaya a cikin ukun, ki gaya mini ko tsoho zai ga la'asar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.