Kan Wayar Bai Shiga

Tsohon ya buga sandarsa a jikin ƙofar garejin har sau uku kafin mai wayarin, mai gyaran wutar mota, ya zaro kansa daga ƙarƙashin sitiyari.

"Kai! Kwana uku motata na nan, har yanzu cikinta a buɗe kamar an feɗe akuya?"

Mai wayarin ya fito daga motar. Ya sa hannu ya kwashe busassun ganyen da suka taru a gindin gilashin. Tayar baya ma ta sace, ta zauna a ƙasa.

Aikin ba wani babba ba ne. Shekara talatin tsohon yana tuƙi bai taɓa tambayar kowa hanya ba, sai bana tituna suka fara yi masa wasa da hankali. Ya je ya sayo allon nan mai taswira, mai muryar mace da ke cewa bi dama, bi hagu. Allon ya zo da 'yar eriyarsa, ya jefar da ita. Ba za a shimfiɗa masa waya a kan dashbod kamar igiyar shanya ba. Motar na da eriyarta ta asali a rufi, ita yake so a jona. Ran da allon ya yi magana, ran nan zai karɓi makullinsa ya fita inda ya ga dama, babu mai tsare shi da "ina za ka?"

"Baba, na gaya maka kan wayar bai shiga," in ji mai wayarin. "Na motar mai kusurwa ne, na allon zagayayye. Sai an samo mahaɗi."

"Jiya ma haka ka ce, maƙaryaci!"

Mai wayarin ya dafe aljihun rigarsa, inda wani ɗan abu ya turo, ya kawar da kai.

Tsohon bai yarda da mutumin nan ba tun ranar farko. Akwatin gaban motar ba ya buɗuwa sai an doke shi ta gefen hagu, amma wannan ya doke shi daidai wurin ba wanda ya nuna masa. Hannun ɓarawo ke nan. Ga tabo a girarsa, irin na marasa ji.

"Ka cire mini eriya ka sayar, ko? Bari ɗana ya zo. Shi ma aikin waya yake, ba irin naka na 'yan kame-kame ba. Kallo ɗaya zai yi ya tona maka asiri."

"To, Allah Ya kawo shi."

Wannan sanyin murya ya fi zagi ƙona rai. Tsohon ya ɗaga sanda ya sauke masa a kafaɗa. Masu faci da ke gefe suka miƙe, mai wayarin ya yi musu alama da hannu su zauna.

"Ba ni makullina."

"Ba ya wurina yanzu."

Tsohon ya tofar da yawu ya fita. A mararraba ya tsaya cak. Shagon ɗinki yana dama, ko hagu yake dā? Zufa ta karyo masa. Sai ga mai wayarin ya zo ya wuce shi, ko kallonsa bai yi ba, ya karya hagu yana tafiya a hankali. Tsohon ya bi bayansa da zagi, don bai gama da shi ba. Ɓarawo, macuci, ɗan asara. Bai rage ko ɗaya ba, har suka iso wata koriyar ƙofa da ya ga kamar ya sani.

Wata matashiya ta tarbe su da kofin ruwa, ta durƙusa ta miƙa wa tsohon, ta zaunar da shi a kujerarsa. Yana sha yana hararar mai wayarin, wanda ya cire takalmi ya shigo falon kai tsaye babu ko kunya. Mai wayarin ya zaro makullin motar da ɗan mahaɗin wayar daga aljihu, ya ɗora su can saman kabad, kusa da takardar likita wadda ta hana tsohon tuƙi.

Matashiyar ta taɓa kafaɗar mijinta inda sandar ta sauka, ta rage murya. "Yau ma?"

"Yau ma," ya ce, yana shafa tabon da ƙofar motar nan ta yi masa yana ɗan shekara shida. "Cewa ya yi in jira ɗansa ya zo. Ban san yadda zan gaya masa na iso ba."